Fasaha ko batsa: a ina ake jan layi idan yaro ne a gaban kyamara?

A farkon shekarar 2025 'yan sandan birnin Fort Worth da ke jihar Teksas a Amurka suka shiga gidan baje kolin fasahar zamani na birnin, suka sauke wasu hotuna daga bango suka tafi da su. Hotunan na Sally Mann ne, wadda ta yi suna wajen ɗaukar hoto, kuma 'ya'yanta uku ne a cikinsu, ta ɗauke su suna ƙanana a gonarsu da ke jihar Bajiniya, ba tufafi a jikinsu. Tun 1992 aka buga wasunsu a littafi, an kuma rataye su a manyan gidajen baje koli shekara da shekaru. A watan Maris ɗin 2025 kwamitin 'yan ƙasa da ke duba ko akwai hujjar gurfanar da wani a kotu ya ƙi amincewa da tuhuma, daga baya aka mayar da hotunan. To ta yaya hoto guda zai zama abin alfahari a wurin masana fasaha fiye da shekara 30, sannan a wayi gari ya zama kayan shaida a hannun 'yan sanda? Wane ne ke yanke hukunci, kuma da wane ma'auni?

Abubuwan da ake cakuɗawa

Muhawarar tana yawan rikicewa saboda mutane suna haɗa abubuwan da doka ta raba. Akwai tsiraici kawai, kamar jaririn da ake yi wa wanka ko yaron da likita ke dubawa, wanda a dokokin yawancin ƙasashe bai zama laifi ba don kansa. Akwai abin da jama'a ke gani a matsayin rashin ɗa'a, wanda ma'auninsa ke sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa da kuma daga zamani zuwa zamani. Sannan akwai hoton da aka yi lalata da yaro wajen ɗaukarsa, ko aka nuna yaron a matsayin abin sha'awa, kuma wannan na ƙarshe babu wata muhawara a kansa, domin babban laifi ne kusan ko'ina a duniya, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 da ƙarin da aka yi mata a 2000 sun wajabta wa ƙasashen da suka sa hannu su hukunta shi.

Rigimar tana tsakanin na farko da na ƙarshe. Kuma abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne tufafi ba su ne ke raba gardama ba. A ƙarshen 2022 kamfanin kayan ado na Balenciaga ya janye wata talla tare da neman afuwa, duk da cewa yaran da ke cikinta suna sanye da kayansu tsaf, saboda 'yan tsanar da aka ba su su riƙe an yi musu adon da ake dangantawa da harkar batsar manya. Tun 1994 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta tabbatar da cewa ana iya kama mutum da laifi a kan bidiyon yara masu tufafi, idan yadda aka sarrafa kyamarar ya nuna abin da ake nufi.

Dalilin da ya sa hoto ya bambanta da zane

Masu kare irin waɗannan hotuna sukan kawo hujjar cewa gidajen tarihi na Turai cike suke da zane-zane da gumakan jarirai tsirara tun ɗaruruwan shekaru, ba wanda ya kira 'yan sanda. Hujjar tana da ƙarfi, amma tana da giɓi babba. Mai zane yana iya ƙago yaro daga tunaninsa, mai ɗaukar hoto kuwa dole sai wani yaro na gaske, mai suna da iyaye da makaranta, ya tsaya a gabansa.

A kan wannan bambanci Kotun Ƙolin Amurka ta gina hukuncinta. A 1973, a shari'ar Miller, kotun ta ce ba za a haramta wani aiki a matsayin batsa ba sai idan, bayan an dube shi gaba ɗayansa, ba shi da wata daraja ta adabi ko fasaha ko siyasa ko kimiyya. Wannan ya buɗe wa masu fasaha ƙofa mai faɗi. Amma a 1982, a shari'ar wani mai kantin littattafai a birnin New York mai suna Ferber, kotun ta ce wannan sassauci bai shafi hotunan lalata da yara ba. Dalilinta shi ne irin wannan hoto shaida ce ta dindindin ta abin da aka yi wa yaron, cutarwar tana ƙaruwa duk lokacin da hoton ya sake zagayawa, kuma hanya mafi sauƙi ta hana ɗaukarsa ita ce a kashe kasuwarsa. Ma'ana, da zarar an tabbatar an cutar da yaro, kyawun hoton ko shaharar mai ɗaukarsa ba za su wanke shi ba.

Ma'aunin alƙalai

Matsalar ita ce yadda za a gane hoton da ya tsallaka layi alhali babu wata lalata a fili a cikinsa. A 1986 wata kotun tarayya a Kalifoniya, a shari'ar Dost, ta zayyana abubuwa 6 da alƙali zai duba, kuma har yau kotunan Amurka da yawa suna aiki da su. Ana duba inda kyamara ta mayar da hankali a jikin yaron, da ko wurin da aka ɗauki hoton yana da alaƙa da sha'awa, da ko tsayuwar yaron ko shigarsa sun dace da shekarunsa, da ko akwai tufafi ko babu, da ko an sa shi ya nuna yanayin da ba na yara ba, sannan da ko an tsara hoton ne don ya motsa sha'awar mai kallo. Ba dole ba ne dukkansu su haɗu.

Na ƙarshen nan shi ne ya fi jawo suka daga masana shari'a, kuma a ganina sukar tana kan hanya. Yana tilasta wa alƙali ya kalli yaro da idon mai muguwar zuciya kafin ya yanke hukunci, alhali mai muguwar zuciya yana iya samun abin da yake nema ko a hoton tallar kayan makaranta. Idan aka bi wannan zuwa ƙarshensa, babu hoton yaro da zai tsira.

Ingila ta bi wata hanyar dabam. Dokarta ta kare yara ta 1978 ta haramta ɗauka ko rarraba hoton yaro na rashin ɗa'a, ba tare da ta fayyace ma'anar rashin ɗa'ar ba, sai ta bar wa 'yan ƙasa da ke zama tare da alƙali su auna da ma'aunin mutanen kirki. Kotunan ƙasar sun kuma ce niyyar mai ɗaukar hoton ba ita ke tantance ko hoton na rashin ɗa'a ne ba, abin da ke cikin hoton shi ake kallo. Dokar da aka yi a 2003 ta ɗaga shekarun wanda ake kira yaro a wannan fanni daga 16 zuwa 18.

Abin da ya faru a Sidni

Babu inda aka ga ɓangarorin biyu sun yi arangama a fili kamar Ostireliya a 2008. Bill Henson yana cikin fitattun masu ɗaukar hoto na ƙasar, har ya taɓa wakiltarta a bikin baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya, kuma ya daɗe yana ɗaukar matasa masu tasowa a cikin duhu-duhu. A watan Mayun shekarar wani gidan baje koli a Sidni mai suna Roslyn Oxley9 ya aika katin gayyata ɗauke da hoton wata yarinya 'yar kimanin shekara 13 ba tufafi. Katin ya fita daga hannun waɗanda aka gayyata ya shiga jaridu da gidajen rediyo, wata mai fafutukar kare yara, Hetty Johnston, ta kai ƙara, aka soke bikin buɗewa, washegari 'yan sanda suka kwashe hotuna da dama. Firaministan lokacin, Kevin Rudd, ya fito a talabijin ya ce hotunan abin ƙyama ne kuma a bar yara su yi yarintarsu. A ɗaya gefen, masu fasaha da marubuta, ciki har da 'yar wasan fim Cate Blanchett, suka sa hannu a wasiƙar goyon bayan Henson, suna cewa ana neman mayar da fasaha laifi.

Cikin makonni kaɗan ofishin mai gabatar da ƙara ya ce babu alamar za a yi nasara a kotu, hukumar tace fina-finai da wallafe-wallafe ta ƙasar ta ce hoton bai nuna yarinyar a matsayin abin sha'awa ba, aka mayar da hotunan. Iyayen yarinyar sun amince tun farko kuma sun tsaya a bayan mai hoton. A idon doka, Henson ya fita fes.

Sai dai bayan 'yan watanni ya fito cewa wata shugabar makarantar firamare a Melbon ta taɓa barin Henson ya zaga harabar makarantar yana neman yaran da za su dace da aikinsa. Binciken hukuma bai same ta da karya ƙa'ida ba, amma labarin ya sauya tunanin mutane da yawa waɗanda a da suke gefensa, domin ya ɗauke hankali daga hoton da ke bango ya mayar da shi kan yadda ake samo yaron. Daga 2009 hukumar da ke ba masu fasaha tallafi a ƙasar ta shimfiɗa sharuɗɗa kan aiki da yara, sannan a 2010 jihar da Sidni take ta cire kariyar da dokarta ke ba wanda ya ce don fasaha ya yi.

Lokacin da yaran suka girma

Duk wannan gardama tsakanin manya ake yinta: mai hoto, ɗan sanda, alƙali, ɗan siyasa. Wanda ke cikin hoton sai bayan shekaru ake jin ta bakinsa, kuma abin da suka faɗa shi ne hujja mafi nauyi a wannan batu.

Eva Ionesco 'yar Faransa ce wadda mahaifiyarta, Irina, ta riƙa ɗaukarta hotunan da ba su dace da yarinya ba a shekarun 1970, aka baje su a matsayin fasaha, wasu ma suka fito a mujallun manya. A wancan zamani masu faɗa a ji a harkar fasaha a Faris sun yi ta yabawa. Da ta girma sai ta maka mahaifiyar a kotu tana cewa an sace mata yarinta, kuma a ƙarshen 2012 wata kotu a Faris ta umarci uwar ta biya diyyar Yuro 10,000 ta kuma miƙa mata fim ɗin hotunan. Ita kuwa 'yar wasan fim ta Amurka, Brooke Shields, ba ta yi wannan sa'ar ba. An ɗauke ta hotuna a 1975 tana 'yar shekara 10, mahaifiyarta ta sa hannu a takardar izini aka biya dala 450. Da ta fara girma ta nemi kotu ta hana ci gaba da amfani da su, amma a 1983 babbar kotun jihar New York ta ce sa hannun uwar ya ɗaure ta. Ɗaya daga cikin hotunan ya ci gaba da yawo har ya isa gidan baje koli na Tate Modern a Landan a 2009, inda aka sauke shi bayan 'yan sanda sun kai ziyara.

Waɗannan shari'o'i biyu sun fallasa raunin hujjar da aka fi dogara da ita, wato cewa iyaye sun yarda. Iyaye suna iya yarda don kuɗi, ko don suna, ko don sun ga mai hoton babban mutum ne, kuma wani lokaci iyayen ne da kansu ke riƙe da kyamarar. Yardar yaron kuwa ba ta da nauyin da ake ɗora mata, domin ɗan shekara 10 ba zai iya hango yadda zai ji ba ranar da abokan karatunsa, ko surukansa, ko 'ya'yansa suka ci karo da hoton. Hoto kamar magana ne, zarar bunu, in ya fita ba ya komawa.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba kowa ne ya yi nadama ba. 'Ya'yan Sally Mann sun kare mahaifiyarsu bayan sun girma, ita kuma ta ce ta ba su damar cire duk hoton da ba sa so kafin a buga littafin. Amma ita da kanta ta rubuta a 2015 cewa wani mutum da ya kamu da son yaran ta hanyar hotunan ya addabi iyalin tsawon shekaru, har suka rayu cikin fargaba. Kyakkyawar niyyar uwa ba ta zaɓar mata waɗanda za su sayi littafin ba.

Idan na'ura ce ke yanke hukunci

A yau yawancin hukuncin ba a kotu ake yinsa ba, kamfanonin intanet ne ke yi, kuma ta hanyar manhajoji. Tun 2009 akwai fasahar PhotoDNA da kamfanin Microsoft ya samar, wadda ke gane hotunan cin zarafin yara da aka riga aka sani ko da an sauya musu girma ko launi. Yawan abin ya wuce tunani: cibiyar da ke karɓar irin waɗannan rahotanni a Amurka ta samu sama da miliyan 36 a 2023 kaɗai. Babu yadda mutane za su zauna su duba wannan ɗaya bayan ɗaya, don haka kamfanonin suka zaɓi tsaurarawa, kuma tsaurarawar tana haɗawa da marasa laifi.

A 2016 Facebook ya goge shahararren hoton yaƙin Biyetnam na ranar 8 ga Yunin 1972, wanda ya nuna Kim Phuc, 'yar shekara 9, tana gudu a titi tana kuka bayan bam mai ƙuna ya cinye tufafinta da fatar bayanta. Wani marubuci ɗan Nowe ne ya wallafa shi a Facebook, jaridar Aftenposten ta ƙasar ta rubuta wa shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, buɗaɗɗiyar wasiƙa a shafinta na farko, Firaministar ƙasar ta lokacin, Erna Solberg, ta wallafa hoton ita ma aka goge nata, sannan kamfanin ya janye matakin. Babu mai hankalin da zai kira wannan hoto batsa. Duk da haka Kim Phuc, wadda yanzu take zaune a Kanada, ta rubuta a 2022 cewa ta taso tana ƙin hoton saboda kunyar da ya jawo mata, kafin daga baya ta rungume shi a matsayin makamin neman zaman lafiya. Ko hoton da tarihi ya wanke, akwai yarinyar da ta biya kuɗinsa.

Talaka ma bai tsira ba. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin wani uba a San Faransisko da ya ɗauki hoton kumburin da ya fito wa ƙaramin ɗansa a gaba don a tura wa likita a lokacin annobar korona. Manhajar Google ta ga hoton, aka rufe masa asusu, aka sanar da hukuma. 'Yan sanda sun bincika sun ce babu laifi, amma kamfanin ya ƙi buɗe asusun, ya rasa saƙonninsa da hotunan iyalinsa na shekaru.

Sabon abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne ƙirƙirarriyar basira. A ƙarshen 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gano sama da hotuna 1,000 na cin zarafin yara a cikin wani rumbun hotuna mai suna LAION-5B, wanda ake koyar da manhajojin ƙirƙirar hoto da shi. A 2024 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta gano hotunan yara na yau da kullum, 170 daga Barazil da 190 daga Ostireliya, a cikin ɗan ƙaramin yanki na rumbun, wasu har da sunaye da wurare, an kwaso su daga shafukan iyaye da makarantu ba tare da sanin kowa ba. A da ana iya cewa hoto yana bangon gidan baje koli, inda masu kallo suka san abin da suka zo gani. Yanzu duk wanda ke da waya yana iya ɗauke shi daga bangon ya kai shi inda mai shi bai taɓa tunani ba. Faransa ta mayar da martani da doka a Fabrairun 2024, wadda ta sa kare haƙƙin yaro kan hotonsa cikin nauyin da ke kan iyaye, ta kuma ba alƙali ikon hana ɗaya daga cikinsu wallafa hoton yaron idan sun samu saɓani.

Inda abin ya shafe mu

Ba a baje irin hotunan Henson a Kano ko Zinder, kuma tarbiyyar addini da kunya sun riga sun ja layin can nesa da inda Turawa ke jayayya. Amma Afirka ta Yamma ta san wani salo na wannan matsala tun zamanin mulkin mallaka, lokacin da masu hoto irin su Edmond Fortier, wanda ya zauna a Dakar a farkon ƙarni na 20, suka riƙa buga katunan gidan waya ɗauke da hotunan 'yan mata ba riga ana sayarwa a Turai da sunan nazarin ƙabilu. A can kimiyya ce ta zama rigar da aka fake da ita maimakon fasaha, kuma ba a ko rubuta sunayen 'yan matan ba.

A yau abin da ya fi kusa da mu shi ne wayar hannu. Uwa tana ɗora hoton jaririnta a baho, uba yana tura hoton ɗansa bayan kaciya a zauren dangi, mai neman taimako yana wallafa hoton yarinya mara lafiya a buɗe don a ga ciwon a tausaya. Babu mai mugun nufi a cikinsu, amma manhajar da ta rufe asusun wancan uba a San Faransisko ita ce dai ke duba hotunan da ake ɗora wa Google daga wayoyin da ke Kaduna da Maraɗi, kuma yarinyar da aka nuna ciwonta za ta girma a unguwar da kowa ya ga hoton. Ana iya nuna takardar asibiti, ko a rufe jiki da fuska, a samu taimakon ba tare da an tona mata asiri ba.

Sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Ya tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar Naira miliyan 20 ko duka biyun ga wanda ya haɗa ko ya rarraba hotunan batsa na yara ta kwamfuta ko waya, sannan ɗaurin da ya kai shekara 5 ko tarar Naira miliyan 10 ga wanda aka samu yana ajiye da su. Wannan ya shafi wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a zaurukan WhatsApp, inda bidiyon cin zarafin wata yarinya ke fitowa sai mutane su yi ta tura shi da rubutun "ku ga abin da duniya ta zama" ko "iyaye a kula". Tura shi rarrabawa ce ko da da niyyar faɗakarwa aka yi, kuma kowane sabon mai kallo ƙarin cuta ne ga yarinyar. Wanda irin wannan ya faɗo wa a waya, abin da ya rage masa shi ne ya kai rahoto ta maɓallin ƙorafi na manhajar, ya sanar da 'yan sanda ko hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP, kada kuma ya tura wa kowa, ko da shugaban zauren ne ya ce a turo masa ya gani.